Tuwon Ƙasar Da Ba A Ci Ba

Ɗana ya dawo daga Kwatano da wani kwali, ya dire shi tsakar gida yana murmushi, wai ya sayo wa Biba kayan girki na wasa. Biba jikata ce, ɗiyarsa ta biyu, bana ta shiga lakwal, makarantar boko ke nan. Aka buɗe kwali, sai ga murhu na roba, tukwane na roba, har da wani kifi na roba da ke kallon mutum da ido ɗaya. In an danna wani wuri sai murhun ya yi ƙara kamar mai na soyuwa. Yarinya ta danna, ta danna, batir ya mutu, ta tura kayan ƙarƙashin gado ta koma kallon wayar uwarta. Ina kan tabarma ina gani, raina ya ɓaci, don ni girkin da hannu ba ya ɓaci ban san sunansa ba. Da abin ya ishe ni na ce wa ɗan nawa, in ka tafi Garu duba albasarka ka ɗebo mini laka ta bakin gulbi, baƙa mai danƙo, buhu guda. Ya ce, "Inna, mi za ki yi da laka?" Na ce madafa zan gina wa yara a bayan ɗaki. Ya yi dariya, ya ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ni. Bai san tsohuwar magana ya tono mini ba, wadda ta girme shi nesa ba kusa ba.

A zamaninmu ba a saya wa yarinya madafa, ita ke gina abinta da hannunta. Gidanmu a Malanbil yana gangaren gulbi ne, inda yanzu aka jera shagunan siminti har ba a hango ruwa. Abin da ke tashe mu da safe taɓarya ce, gida-gida, wata ta ɗauka wata ta amsa. Sai bugun filafili a jikin jirgi in masunta na koro kifi cikin taru, can sama kuma kamiyo, babbar motar kaya, na hawa gada yana nishi da kaya. Kafin rana ta ɗaga mun je gulbi da tulu mun dawo, mun wanke ƙore da ludda, mun kai wa Baba hura bakin ruwa. In lokacin shinkafa ne kuwa, mun yi ihun korar tsuntsaye har murya ta dushe. Sai bayan azahar, manya sun kishingiɗa, sannan duniya ta zama tamu. Mu taru gindin tsamiyar bayan gida, kowace da tsingaronta da sakainarta, a shiga tuwon ƙasa.

Kada a ji na ce tuwon ƙasa a ɗauka shirme ne. Yana da ƙa'idarsa, kuma ba mu wasa da ita. Laka ita ce tuwo, sai an tuƙa ta ta yi laushi ba gudaji. Miya ganyen yoɗo ne, a murza shi cikin ruwa har ya yi yauƙi kamar ta gaske. Jar ƙasa a niƙa ta zama tonka, wato barkono, farin yashi gishiri, 'ya'yan dogon yaro nama, ɓawon albasar da muke tsintowa a kasuwa kuma shi ke sa tukunya ƙamshi. Kashin awaki shi ne daddawa, kuma wadda ta yi miya ba daddawa sai a yi ta yi mata dariya har ta yi kuka. Muna girki muna zuba Dandanci, yaren garinmu, da Hausa a cakuɗe, muna kwaikwayon iyayenmu mata, har da tsakin da suke yi in itace ya ƙi kamawa, har da goge zufa da bayan hannu. Yaran yanzu in tufafinsu ya taɓa ƙasa sai uwa ta taso da sabulu. Mu da fatari muke yi, in mun gama mu faɗa gulbi mu fito tas. Ba wanda ya ce mana koyo muke, amma duk wadda ta iya tuƙa laka ba ta jin tsoron muciya ranar da aka miƙa mata ta gaske.

Kaka, uwar Babanmu, ita ce alƙalin wasan, ko da yake ba wanda ya naɗa ta. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, baƙa, mai kaifin baki, kullum tana bakin ƙofar ɗakinta a kan tabarma tana kaɗi. In ta ga yarinya na tafiya hannu rabbana takan ce, "Ke, hannun ga aro anka ba ki?" Tana da wata 'yar tukunya a saman jeren tukwanenta, ta gaske, gasasshiya, ba ta fi a rufe ta da tafin hannu biyu ba, baƙa wuluk tana sheƙi, da zane a wuya irin na ƙayar kifi. Uwarta ce ta gina mata ita a Garu tun tana yarinya. Al'adar gidanmu ita ce, yarinyar da Kaka ta ci tuwon ƙasarta har ta gamsu, to ta isa taɓa wuta. Ranar sai a sauko da 'yar tukunya, a ba yarinya tafin shinkafa da ƙaramin kifi da gishiri na gaske, ta dafa a wuta ta gaske, gida duka a ɗanɗana. Tukunyar ta zauna hannunta har ta shiga madafar uwarta, sannan ta mayar wa Kaka a jira mai bi mata. Gwaggo Hawa, ƙanwar Baba da ke aure a Gaya, tsallaken gada cikin ƙasar maƙwabta, ta riƙe ta ta mayar. Yayata ta riƙe ta ta mayar. Ni ce mai bi, kowa a gidan ya sani. Nakan shiga ɗakin Kaka da sunan shara don kawai in ɗaga kai in kalle ta.

Da aka gama girbi a wata shekara, na ce ni ba zan yi irin na sauran yara ba, duwatsu uku da gwangwani. Zan gina madafar da in Kaka ta gani za ta sauko da tukunya ba gardama. Na bi mata masu ginin tukwane har gefen fadama inda suke haƙar yumɓu, na tsaya ina kallon hannunsu har suka kore ni, na riƙa ɗauko laka a kai, sawu bayan sawu. Na zaɓi wuri bayan rumbu inda awaki ba sa bi. Na share, na yayyafa ruwa, na daɓe ƙasan da guntun itace, na goge da dutse har ya yi santsi. Na ja 'yar katanga iyakar gwiwata, na bar ƙofa. A ciki na gina murhu mai baki biyu, ɗaya na tuwo ɗaya na miya, da gindin randa, da ɗan rumbu mai hular ciyawa, da turmi da taɓaryar kara. Tukwane na gina su manya da ƙanana, na shanya a inuwa, don na ji matan na cewa rana na fasa ɗanye. Makankari na tsinto a bakin ruwa, su ne mara da ludayi. Yaran unguwa suka riƙa zuwa leƙe, ni kuma na kafa doka, a gani da ido, hannu a baya. Ba yabon kai ba, daga bakin gada har kasuwa ba yarinyar da ta taɓa yin irinta.

Ana cikin haka Gwaggo Hawa ta ƙetaro daga Gaya zuwa wani suna, tare da ɗiyarta Zalika, taubashiyata kuma sa'ata. Bayan suna Gwaggo ta koma, ta bar Zalika ta ɗan kwana biyu wurin Kaka. Kafin a zo ɗaukarta aka wayi gari an gicciya ƙarfe a kan gada. Soja ba su daɗe da karɓar mulki can kudu ba, shugabannin ƙasarmu da na tsallake kuma suka sami saɓani kan abin da mu yara ba mu gane ba. Kamiyo suka yi layi har bayan gari, direbobi na dafa shayi a inuwarsu, albasa na ruɓewa cikin buhu. Jandarma na yawo bakin ruwa suna ƙwace jirgin duk wanda ya nufi tsallake. Ga shi lokacin baƙin ruwa ne, wanda ke zuwa da sanyi ba tare da hadari ba, gulbi ya cika ya batse. Baba ya ce shi ba zai sa ɗiyar ƙanwarsa cikin jirgi a wannan hali ba, ko me za a yi masa. Haka Zalika ta zauna mana, ita a nan, uwarta a can, ruwa a tsakani.

Zan faɗi gaskiya a kanta, ko da ba na so. Yarinya ce mai shiru, mai manyan idanu, in ta yi Hausa Zabarmanci na leƙowa ta ƙarƙashi. Ba ta da faɗa, ba ta da tsegumi. Amma hannunta bai iya kome ba. Madafarta duwatsu uku ne da ba su daidaita ba a gindin tsamiya, sai gwangwanin sardin mai tsatsa da ta tsinto wajen direbobi. Tuwonta duk gudaji, miyarta ruwa tsululu, daddawa ma mantawa take. Ranar farko da ta gama wannan kwamacala, sai na ga ta zuba a tsingaro, ta rufe da sakaina, ta ɗauka da hannu biyu, ta ratsa tsakar gida ta durƙusa gaban Kaka.

"Kaka, ga tuwo."

Na leƙo ta bayan rumbu ina jiran a yi mata dariya. Kaka ta ajiye mazari, ta sa aka zuba mata ruwa ta wanke hannu, ta yi bisimilla. Ta kai yatsu dab da lakar, ta murza loma a iska, ta kai baki, ta tauna a hankali da dasashi tana lumshe ido. Ta ce, "Gishiri ya yi kaɗan, amma mai tuwon ga ba ta da rowa." Ta ƙara loma, ta ƙara, sannan ta yi gyatsa ta ce, "Alhamdu lillahi. Allah shi yi miki albarka." Zalika ta yi dariya, karon farko tun da aka rufe gada. Ni kuwa wani abu ya taso ya tokare mini ƙirji, kuma ba zan yi masa kwana-kwana ba, kishi ne.

Wani zai ce me ya hana ni ma in ɗauka in kai. To, a saurare ni. Laka in ta hau tsingaro laka ce, tawa da ta Zalika ba su da wani bambancin a zo a gani. Gwanintata ba a tsingaro take ba, tana bayan rumbu, a daɓen nan mai santsi da murhu mai baki biyu, kuma waɗannan ba sa ɗaukuwa. So nake Kaka ta taso da ƙafarta, ta tsaya bakin 'yar ƙofata ta riƙe haɓa. Daga tabarmarta zuwa bayan rumbu ba wani nisa ba ne, in ta yi atishawa ina ji. Kullum sai in gama tuwo, in kwashe shi malmala-malmala cikin 'yan akusan laka, in rufe, in zauna jira. In yi tari. In buga taɓarya da ƙarfi don ta ji. In rera waƙar daka. Abin da kawai ke zuwa mini daga tsakar gida shi ne "Kaka, ga tuwo," sai ƙarar ruwan wanke hannu, sai gyatsa. Gyatsar nan, har yau in na ji tsohuwa ta yi irinta sai raina ya sosu. Da yamma in zubar da tuwona bayan katanga, gobe in tuƙa sabo. Wata rana Inna, uwata, ta zo wucewa da itace a kai, ta tsaya ta dube ni ta ce, "Ke, wa kike jira shi zo shi ci?" Na ce Kaka. Ta buɗe baki za ta yi magana ke nan ƙanena ya tsala kuka a ɗaki, ta wuce da sauri, maganar ta bi ta.

Sai na ce ƙila aikin ne bai isa ba. Na ƙara rumfa ta kara, na yi wa katanga zane da farar ƙasa, na gina ɗan akurkin kaji a kusurwa. Wata safiya na tarar sanyi ya tsaga murhun tun daga baki har ƙasa. Na liƙa laka, ta bushe ta sake buɗewa. Na ƙara liƙawa, ta buɗe. Na tafi ɗiban ruwa ina hawaye. Da na dawo bayan azahar na ga an toshe tsagar sumul, da laka da aka cuɗa da ƙaiƙayin shinkafa, dabarar da ban taɓa sanin ana yi ba. Maimakon murna sai jini ya hau mini kai. Na nufi gindin tsamiya na tsaya a kan Zalika.

"Wa ya ce ki taɓa mini kaya?"

Ta ɗago ta ce ita ba ta je ba. Na ce ƙarya take, ta ƙwace mini Kaka bai ishe ta ba sai ta shigo mini wuri. Ta dube ni da manyan idanun nan ta ce, "Ni ban iya irin naki ba. Naki ya hi kyau, kowa ya sani." Wannan magana ta fi zagi zafi, don gaskiya ce, kuma gaskiyar ba ta hana a ci nata a bar nawa ba. Taubasai da wasa da tsiya aka san su, amma mu ba mu yi ba a shekarar. Tabarma ɗaya muke kwana, ina juya mata baya.

Ranar da nake tsoro kuma nake jira ta zo da hantsi. Na ji ƙarar ana sauke jere a ɗakin Kaka, na fito da gudu hannuna duk laka, don har lokacin ina zaton tawa ce. Inna ta miƙa mata 'yar tukunyar. Kaka ta busa cikinta, ta goge da bakin zane, ta ce, "Zalika." Ban san yadda zan kwatanta ba. Na dai tuna hayaƙi na tashi daga madafar Inna, awaki na tuƙa a turke, kome na nan yadda yake, ni kaɗai ce kamar an cire daga cikin gidan. Na yi ƙarfin hali na ce, "Kaka, ai ni ce mai bi." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ni ban ci tuwonki ba, ƙaƙa zan san kin iya?" Na so in ce laifin wa ne da ba ki ci ba, amma ba a mayar wa tsohuwa irin wannan magana, sai na haɗiye. Zalika ta dafa shinkafa da kifi, wutar ma Inna ce ta hura mata. Aka ba kowa loma, Baba ya yaba. Ni ma aka sa mini a tafin hannu. Shinkafar ba ta nuna ba, garas-garas take, kuma zan faɗi haka ko a gaban wa.

Ba a daɗe ba aka janye ƙarfen gada. Gwaggo Hawa na cikin na farkon ƙetarowa, a ƙasa, mayafi na jan ƙasa. Ta rungume ɗiyarta suna kuka, har ni ma idona ya kawo ruwa ban so ba. Da za su tafi na tsaya ina jira a mayar da tukunya saman jere, in ce to ba kome, baɗi tawa ce. Sai na ga Kaka da kanta ta naɗe ta cikin tsumma ta cusa a ƙullin Zalika. Inna ta ce mata a hankali, "Iya, ba ta komowa?" Kaka ta ce, "In ta shiga madafar uwatta ta maido." Muka raka su har bakin gada, wajen 'yan duwan masu binciken kaya a kan iyaka. Ina kallon ƙullin nan a kan Zalika yana ƙanƙancewa har ya ɓace cikin mutane. Ba a maido ta ba. Da farko aka ce mantuwa, daga baya aka ce hanya, daga baya aka daina cewa kome. Ni a babbar tukunyar Inna na koyi girki, ba wanda ya taru ya ɗanɗana. Madafata kuwa ban sake shiga ba. Ruwan farko na damina ya narkar da katangar, na biyu ya tafi da murhu, kaza ta zo ta yi ƙwai inda ɗan rumbun yake.

Shekaru suka tafi. Wannan soja ya sauka wancan ya hau, har sunan ƙasar aka sake, aka koya wa 'yan lakwal sababbin waƙoƙi. Na yi aure nan cikin gari, na haihu. Kaka ta tsufa tukuf, ido ya tafi, mazari ya faɗi daga hannu. A ciwonta na ƙarshe ta ƙi abincin kowa. Wata rana na tuƙa tuwon shinkafa mai laushi, na yi miyar kuka da busasshen kifi, na rufe na ɗauko daga gidana, na durƙusa gefen shimfiɗarta na ce, "Kaka, ga tuwo." Ta lalubo hannuna ta tambayi wace ce. Na faɗa mata. Sai ta yi 'yar dariya irin tata ta da.

"Ashe kin san hanya. Shekarar da anka ruhe gada na jira tsingaronki har na gaji."

Na ce, "Kaka, ni ma na jira ki. Ai ba nisa."

Ta ce, "Ke, ina kinka taɓa ganin tsohuwa ta tahi madafar wata ta tsaya a ba ta abinci? Kai mata ake yi. Ko na wasa ne, kunyar ɗaya ce."

Na ce to ai da ko gani ta zo ta yi. Ta ce, "Wa ya ce miki ban gani ba? Kina tahiya gulbi nake zagayawa. Wa kike tsammani ya liƙe miki murhu? Ban taɓa ganin yarinya mai hannu irin naki ba. Waccan kuwa ba ta da kome nan sai gwangwani da ni." Ta ci 'yan lomomi, na gaske wannan karon. Ta ce gishiri ya yi daidai. Gyatsa ce ba ta yi ba, ba ta da ƙarfinta.

In na ba mutane labarin nan sukan ce to ai shi ke nan, zuciya ta huce. Ba ta huce ba. Me zan yi da zuwan da ban gani ba? Yabon da aka ɓoye mini sai da na haifi 'ya'ya, wa ya amfana? Na yarda Kaka ta fi ni sanin abin da ya dace. Na yarda yarinyar da uwarta ke tsallaken ruwa ta fi ni bukata. Duk na yarda, kuma duk da haka tukunyar tawa ce. Zalika na nan da ranta a Gaya, ta zama Hajiya, ta yi ƙiba, muna zumunci, muna tsiyar taubasai kamar kowa. In na je gidanta tukunyar na saman jeren kwanoninta, tana sheƙi kamar jiya aka gasa ta. Takan ce, "Taubashiya, kin tuna wagga?" In ce na tuna shinkafar da ba ta nuna ba. Mu yi dariya, ita har cikinta, ni iyakar haƙora.

To, laka ta iso daga Garu a bayan moto, wato babur. Lokacin hutun lakwal ne, kuma kamar da gangan, jikar Zalika mai suna Kadi ta zo mana hutu, sa'ar Biba ce. Na sa su suka cuɗa lakar da ƙafa, da ƙaiƙayin shinkafa a ciki tun farko. Surukata, uwar Biba, na ta kallon rigunansu tana cije leɓe, na yi kamar ban gani ba. Na nuna musu daɓe, na nuna musu murhu, na nuna musu yoɗo da ya fito a gindin katanga, wanda kullum suke takawa ba su san sunansa ba. Da na ce kashin awaki ne daddawa suka faɗi ƙasa don dariya. Wayar uwar ta yini a ɗaki ba wadda ta neme ta. Gwiwata ta gaji, na koma tabarmata bakin ƙofa, na bar su kowace da wurinta.

Da aka kwana biyu, ina zaune bayan azahar, sai ga Kadi ta ratso tsakar gida da murfin gwangwani a hannu biyu, ta durƙusa.

"Kaka, ga tuwo."

Gudaji ne zalla, wallahi kamar hannun kakarta aka ciro aka dasa mata. Na wanke hannu, na yi bisimilla, na murza loma a iska. Ina cikin taunawa sai na ji tari daga bayan ɗaki. Can kuma sai bugun taɓarya, da ƙarfi fiye da kima. Na saci kallo ta gefen ido, na ga rabin fuskar Biba a bakin bango. Da ta ga na gan ta sai ta janye.

Na gama, na yi wa Kadi gyatsarta da sa albarka, don hakkinta ne, ita ta kawo. Sannan na dafa ƙasa, na dafa bango, na miƙe. Surukata ta ce, "Inna, ina za ki? Ki zauna a kawo miki." Na ce ta bar ni. Na san abin da Kaka za ta ce da ta gan ni, tsohuwa da jikoki tana jan ƙafa zuwa madafar wata neman abinci. Na zagaya bayan ɗaki. Yarinyar ta share wurin tas, ta jera marafan kwalba bisa launi, ta yi wa murhu zane da tsinke, tuwo na rufe cikin 'yan akusa, ita kuma ta ba ni baya wai daka take. Na tsaya bakin 'yar ƙofar na riƙe haɓa, na daɗe ina kallo. Sannan na ce, "Salamu alaikum, masu gida. Baƙuwa ce, da yunwa."

Ta juyo, taɓarya ta faɗi. Ta ruga ta jawo kwalin nan na Kwatano ta shimfiɗa mini in zauna. Tana buɗe akushi tana cewa, "Kaka, ki duba murhu, baki biyu gare shi. Ki duba nan. Ki duba nan ma." Na duba duka, ban bar ko tsinke ba. Na ci, na ƙara, na ce gishiri ya yi daidai, na yi gyatsar da aka ji har ƙofar gida. Ina zaune a ƙasa, laka a zanena, ina kallon yadda fuskarta ta cika da murna, sai na ji abin nan ya taso ya tokare ni a inda ya saba. Jikata ce, jinina ce, kuma wallahi kishinta nake. Ita an taso mata tana gani.